Idan aji ya rabu gida shida: makomar darasin addini a makarantun da suka haɗa mabiya addinai daban-daban

A makarantun gwamnati na ƙasashe da yawa akwai awa ɗaya ko biyu a mako da aji yake rabuwa. Yaran da suka yi lissafi tare, suka yi kimiyya tare, da zarar an kaɗa ƙararrawar darasin addini sai kowa ya kwashi littattafansa ya nufi ɗakin da malamin addininsa yake jira. Lokacin da aka tsara haka, a mafi yawan wurare rabuwar gida biyu ce kawai: Katolika da Furotesta a wasu ƙasashen Turai, Musulmi da Kirista a wasu ƙasashen Afirka. Yau a manyan birane ajin yakan rabu gida biyar ko shida, kuma bayan kowa ya watse sai a tarar an bar wasu yara a zaune ba su da ɗakin zuwa, ko dai addininsu ba shi da malami a makarantar, ko kuma iyayensu ba sa bin kowane addini. Daga nan gardamar ta taso. Wannan darasi da kowane addini yake koya wa 'ya'yansa aƙidarsa a cikin makarantar kowa da kowa, yana da sauran rayuwa a gaba, ko kuwa zamaninsa ya wuce?

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, kuma duk wanda bai raba su ba zai yi ta magana ne a kan abin da ba shi ake tattaunawa ba. Na farko shi ne koyar da addini daga ciki. Malamin mabiyin addinin ne, shugabannin addinin sun amince da shi, kuma yana iya tsayawa gaban yara ya ce "abin da muka yi imani da shi ke nan". Na biyu shi ne koyar da labarin addinai. Malami ɗaya ne yake ɗaukar dukan ajin, ya bayyana abin da Musulmi suka yarda da shi, da abin da Kirista ko Yahudawa ko mabiya Hindu suka yarda da shi, ba tare da ya ce wannan ne gaskiya ba. Duk rigimar da ake yi daga Kanada har Indunusiya tana komawa ne kan wanne daga cikin biyun ya dace makarantar gwamnati ta ɗauka, da kuma ko za a iya haɗa su a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Jamus ce ƙasar da ta fi ba wa nau'i na farko kariya a doka. Sashe na 7 na tsarin mulkinta na 1949 ya ce darasin addini darasi ne cikakke a makarantun gwamnati, kuma za a koyar da shi daidai da aƙidar ƙungiyar addinin da abin ya shafa, gwamnati tana sa ido. Gwamnati ce ke biyan albashi, ita ke shirya jarrabawa, amma ba ita ke faɗin abin da yake daidai a aƙida ba, kuma malami ba zai shiga aji ba sai da izinin cocinsa. Dalilin yana da nauyi. Mutanen da suka rubuta wannan sashe sun fito ne daga mulkin 'yan Nazi, sun ga abin da yake faruwa idan gwamnati ita kaɗai ke yanke abin da yaro zai ɗauka a matsayin gaskiya ta ƙarshe. Sai suka bar wani lungu a makaranta wanda gwamnati ba ta da ikon cika shi da nata ra'ayin. Sun kuma bar ƙofar fita: iyaye ne ke yanke shawarar shigar yaro, kuma a mafi yawan jihohi da ya kai shekara 14 shi yake zaɓa wa kansa.

A shekarun 1950 fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanen Jamus ta Yamma suna cikin manyan coci biyun nan. A 2022 alƙaluma suka nuna cewa mabiyansu, idan an haɗa su duka, sun faɗi ƙasa da rabin al'ummar ƙasar. Musulmi sun haura miliyan biyar, mabiya cocin Otodoks sun ƙaru, marasa addini kuma sun zama babban rukuni. Dokar tana nan yadda take, amma yaran da aka yi ta dominsu sun canza.

Mutane da yawa suna zaton abin da zai kashe darasin aƙida shi ne masu adawa da addini. A ganina abin da ya fi yi masa barazana shi ne jadawalin darussa. Shugaban makaranta da yake da aji ɗaya mai yara talatin, dole ya samo ɗakuna biyar da malamai biyar a awa ɗaya, wani malamin yana da yara goma sha biyar, wani yana da uku. Malamin ƙaramin rukuni ba zai samu cikakken aiki a makaranta ɗaya ba, sai ya riƙa yawo tsakanin makarantu da dama, bai san sauran malamai ba, ba ya halartar taronsu, yaran ma ba sa ganinsa sai sau ɗaya a mako. Don a sauƙaƙa, sai a tura darasin zuwa awa ta ƙarshe, ko a haɗa ɗan aji biyu da ɗan aji shida a wuri ɗaya. Yaro ba wawa ba ne. Da ya ga darasin da kullum ake jefawa ƙarshen rana, ya san matsayinsa a idon makarantar.

Finlan ta ɗauki alƙawarin ba kowane addini darasinsa da nisa: idan aka samu yara uku na addini ɗaya mai rajista a ƙarƙashin hukumar ilimi ɗaya, iyayensu suka nema, dole a shirya musu darasin addininsu. Beljiyam kuma, tun yarjejeniyar makarantu ta 1958, tana ba yara zaɓi tsakanin addinan da gwamnati ta amince da su da darasin ɗa'a wanda ba na addini ba. An amince da Musulunci a 1974, da cocin Otodoks a 1985, jerin ya yi tsawo. Adalci ne babba a rubuce, amma nauyinsa ya yi yawa. A 2015 kotun tsarin mulkin Beljiyam ta yanke cewa ba za a tilasta wa yaro zaɓar ɗaya daga cikin darussan ba, kuma ba da daɗewa ba yankin masu magana da Faransanci ya ɗauke awa ɗaya daga cikin biyun ya mayar da ita darasin falsafa da zama ɗan ƙasa, wanda dukan aji ke yi tare. Maƙwabciyarta Lukzambag ta wuce nan: ta cire darasin addini daga makarantun sakandare a 2016, daga firamare a 2017, ta maye gurbinsa da darasi ɗaya kan rayuwa da zamantakewa.

Wa yake magana da yawun addinin?

Akwai wata matsala da ta fi jadawali zurfi. Idan gwamnati za ta koyar da addini daidai da aƙidar mabiyansa, sai ta samu wanda zai zauna da ita ya ce ga aƙidar, ga manhajar, ga malaman da muka yarda da su. Cocin Katolika yana da bishof, cocin Furotesta yana da majalisa, akwai rajistar mabiya. Musulunci ba a gina shi a kan irin wannan tsari ba, kuma ba laifinsa ba ne. Amma dokar da aka ɗinka a jikin coci ita ake so Musulmi su saka.

Ostiriya ta samu sauƙi saboda tarihi. Ta amince da Musulunci a doka tun 1912, bayan ta haɗe Bosniya, kuma tun 1982 ake koyar da darasin Musulunci a makarantun gwamnatinta ta hannun hukuma ɗaya ta Musulmi. A Jamus kuwa kowace jiha ta bi hanyarta. Jihar North Rhine-Westphalia ta fara a 2012 ta hanyar kafa kwamitin da zai tsaya a madadin Musulmi. Jihar Hesse ta fara a 2013 tare da ƙungiyar masallatan Turkawa mai suna DITIB da kuma Ahmadiyya, kowace da nata darasin. A 2020 jihar ta dakatar da aiki da DITIB saboda shakkar da take yi kan 'yancin ƙungiyar daga gwamnatin Turkiyya, ƙungiyar ta kai ƙara, kotu ta ba ta gaskiya, aka dawo da darasin a 2022. Jihar Bavaria ta ce ba za ta jira ba, ta shirya nata darasin kan Musulunci wanda gwamnati ce kaɗai ke da alhakinsa. Wanda ya sha wahalar wannan kai-kawo shi ne yaron da aka canza masa darasi da malami a tsakiyar karatu, da matashin da ya yi shekaru yana koyon aikin malanta bai san ko aikin zai ɗore ba.

Kuma kowane addini yana da 'yan tsiraru a cikinsa. A Turkiyya darasin al'adun addini da ɗa'a wajibi ne, an kuma ce na kowa ne. Wani uba mabiyin Alebi, wata fahimtar Musulunci ta 'yan tsiraru a ƙasar, ya kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai a madadin 'yarsa, kuma a 2007 kotun ta yarda cewa abin da ake koyarwa fahimtar Sunni ce, ba a ba wa aƙidar Alebi haƙƙinta ba, hanyar neman a keɓe yaro kuma ba ta wadatar ba. Abin koyin da ke cikin wannan shari'a ya shafi kowa. Duk inda aka rubuta "darasin Musulunci" ko "darasin Kiristanci" a jadawali, sai a tambaya wace mazhaba, wace ɗariƙa, kuma yaron da gidansu ke bin wata fahimtar ina zai zauna.

Darasi ɗaya ga kowa

Ganin waɗannan matsaloli ya sa da yawa daga masana ilimi suke cewa a haɗa yaran wuri ɗaya a huta. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma ban ga amfanin raina ta ba. Makarantar gwamnati tana cikin wurare ƙalilan da ɗan Musulmi da ɗan Kirista da ɗan wanda ba ya addini suke zama a benci ɗaya shekara da shekaru. In har akwai awa ɗaya da ya kamata su ji bakin juna, ai awar da ake maganar Allah da mutuwa da halal da haram ce. Raba su a daidai wannan lokaci yana koya musu, ba tare da an furta ba, cewa addini abu ne da ba a iya tattaunawa da wanda ba naka ba. Yaro yakan gama sakandare ya san addininsa, amma abin da ya sani game da na abokinsa jita-jita ce kawai.

Ingila ta daɗe a kan wannan hanya. Tun 1870 aka hana koyar da aƙidar wata ɗariƙa ta musamman a makarantun hukuma, manhajar birnin Birmingham ta 1975 ta shigo da sauran addinai sosai, dokar 1988 kuma ta ce manhaja ta nuna cewa al'adun addini na ƙasar galibi na Kirista ne, tare da la'akari da sauran manyan addinai. An samu malamai nagari da littattafai masu kyau daga wannan tsari. Amma a 2024 hukumar sufetocin makarantu ta ƙasar, Ofsted, ta fitar da rahoton da ya nuna cewa a makarantu da yawa darasin ya yi faɗi ba zurfi: a taɓa wannan addini, a taɓa wancan, yaro ya fita bai riƙe komai ba. Sau da yawa ma wanda ake ba darasin malamin wani fanni ne da aka ga yana da sarari a jadawalinsa.

Norwe ta nuna wani haɗarin daban. A 1997 ta ƙirƙiro darasi ɗaya na dole ga kowa, wanda ya haɗa Kiristanci da sauran addinai da falsafar rayuwa, kuma ba a yarda a cire yaro gaba ɗaya ba sai daga wasu sassa. Iyaye marasa addini suka kai ƙara. A 2007 kotun Turai, da rinjayen alƙali tara a kan takwas, ta ce darasin ya karkata ga Kiristanci fiye da kima, kuma tsarin keɓewar yana tilasta wa iyaye tona abin da ke zuciyarsu. Aka gyara doka, aka canza sunan darasin a 2008, sannan a 2015 wata gwamnati ta dawo da Kiristanci cikin sunan, ta ce kusan rabin lokacin nasa ne. Abin da wannan ya nuna shi ne darasin kowa da kowa yakan ɗauki launin masu rinjaye, kuma ana iya juya shi duk lokacin da gwamnati ta canza.

Lardin Kwibek na Kanada ya nuna inda hanyar za ta iya ƙarewa. A 2008 ya soke darussan Katolika da Furotesta, ya kawo darasin ɗa'a da al'adun addinai. Iyaye masu addini suka yi ƙorafi har Kotun Ƙoli, masu ra'ayin raba addini da gwamnati su ma suka ce addinin ya yi yawa a ciki. A 2024 aka maye gurbinsa da darasin al'ada da zama ɗan ƙasa, inda addini ya koma ɗan ƙaramin sashe. Cikin shekara goma sha shida an tashi daga koyar da addini, an bi ta koyar da labarin addinai, an iso inda da ƙyar ake ambatonsa. Duk mai goyon bayan haɗe darasin da kyakkyawar niyya ya kamata ya dubi wannan da idon basira, domin darasin da ba shi da wata al'umma a bayansa da za ta tsaya masa, shi ne na farko da ake yankewa idan jadawali ya cika.

A nan ne nake rabuwa da masu cewa a soke darasin aƙida. Suna cewa iyaye su koyar a gida, ko a masallaci da coci. To, wane gida? Gidan da iyaye suke da ilimi da lokaci zai yi. Gidan da uba da uwa suke fita tun asuba neman abinci, ko baƙi ne da 'ya'yansu suka fi su jin harshen ƙasar, yaronsu zai nemi amsar tambayoyinsa a wayar hannu, wurin duk wanda ya fi iya ɗaga murya a intanet. A makaranta ne kaɗai yaron yake da tabbacin haɗuwa da malamin da ya yi karatun addinin a jami'a, ya koyi dabarun koyarwa, manhajarsa a buɗe take kowa yana iya dubawa, sufeto yana iya shiga ajinsa. A can ne zai iya ɗaga hannu ya yi tambayar da yake jin nauyin yi a gaban liman ko fasto, a amsa masa da harshen da yake karatun kimiyya da tarihi da shi. Saboda wannan buƙata ce Jamus ta buɗe cibiyoyin nazarin addinin Musulunci a jami'o'in Tübingen da Münster da Osnabrück da Frankfurt da Erlangen daga 2011 zuwa gaba. Idan aka soke darasin, dalilin horar da irin waɗannan malamai ya ragu, kuma 'yan tsiraru ne za su fi asara. Masu rinjaye addininsu yana cikin ranakun hutu da gine-gine da tarihin da ake koyarwa. Ɗan tsiraru kuwa wannan awa ce kaɗai makaranta take ce masa abin da ake yi a gidanku ilimi ne da ya cancanci allo da malami.

Akwai kuma abin da labari daga waje ba ya iya bayarwa. Ana iya gaya wa yaro cewa Musulmi suna azumin wata guda, Kirista suna bikin tashin Almasihu, ya rubuta a jarrabawa ya ci. Amma dalilin da ya sa mutum zai bar abinci da ruwa saboda Ubangijinsa, ko ya yafe wa wanda ya zalunce shi, wannan sai daga bakin wanda yake rayuwa a cikinsa. Wanda bai san nasa da zurfi ba, in ya zauna da wani ba shi da abin da zai kawo wa zaman.

Ba a Turai kaɗai ake wannan lissafi ba, kuma inda addini yake da ƙarfi a rayuwar jama'a matsin yana zuwa ne ta ɗaya ɓangaren. Dokar ilimi ta Indunusiya ta 2003 ta ba kowane ɗalibi haƙƙin a koya masa addininsa ta hannun malami mai bin addinin, ko da a makarantar wani addinin yake karatu, abin da ya jawo zazzafar muhawara a lokacin. A Najeriya, sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Da aka tattara darasin Musulunci da na Kiristanci da wasu darussa a ƙarƙashin suna ɗaya a manhajar ilimin bai-ɗaya, zargi ya yi ta yawo har ƙura ta tashi a 2017, gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a raba su kowanne ya tsaya da kansa. Kotun Ƙolin Burazil ma a shekarar ta yanke, da ƙuri'a shida a kan biyar, cewa ana iya koyar da darasin aƙida a makarantun gwamnati muddin ba dole ba ne. A irin waɗannan ƙasashe ba a fargabar darasin zai mutu. Abin tambaya shi ne ko yaron da yake shi kaɗai ne mai addininsa a makaranta zai samu malami, da kuma ko abin da ake faɗa a ɗaki ɗaya game da mutanen ɗaya ɗakin gaskiya ne.

Hanyar da ke tsakani

Gwaje-gwajen da suka fi jan hankalina su ne waɗanda suka ƙi zaɓar ɗaya su yar da ɗaya. A jihar Baden-Württemberg ta Jamus tun 2005 ake haɗa yaran Katolika da na Furotesta a aji ɗaya, malaman ɗariƙun biyu suna karɓa-karɓa, kowa yana koyarwa a matsayinsa na ɗan cocinsa. Jihar Lower Saxony ta ƙara gaba, cocin biyu sun amince su haɗa darasi ɗaya na Kirista. Birnin Hamburg ya fi kowa nisa. Shekaru da dama yana da darasin addini na kowa da kowa, amma cocin Furotesta ne kaɗai ke da alhakinsa. Bayan yarjejeniyar da birnin ya ƙulla da ƙungiyoyin Musulmi da na Alebi a 2012, sai aka sake gini: yanzu Furotesta da Musulmi da Alebi da Yahudawa, da Katolika da suka shigo a 2022, su ne tare suke riƙe da darasin. Ajin ba ya rabuwa. Malamar tana iya zama Musulma, tana iya zama Kirista, ba ta ɓoye abin da ta yi imani da shi, kuma manhajar ta tanadi lokacin da kowane yaro zai zurfafa a nasa addinin.

Tsarin yana da rauninsa, kuma masu sukarsa suna da hujja. Yaro Musulmi zai iya yin shekaru bai haɗu da malami Musulmi ba, haka ma ɗan Katolika. Ana neman malami ɗaya ya san addinai biyar sanin da zai iya jagorantar mai bin kowanne, abin da ko manyan malamai ba su cika iyawa ba. Kuma abin da ya yiwu a birni guda mai jami'a da shugabannin addini da suka san juna, ba lalle ya yiwu a ƙauyen da malami ɗaya ne ke riƙe da komai ba.

Duk da haka ina ganin makomar tana wannan yanki. Darasin aƙida da zai rayu shi ne wanda ya riƙe malaminsa da zurfinsa, amma ya yarda cewa wani ɓangare na shekara yaran za su dawo ɗaki ɗaya, malaman su tsaya tare a gabansu, kowa ya faɗi nasa a gaban wanda zai iya gyara masa in ya yi kuskure a kansa. Malamin da ya san gobe zai tsaya kusa da abokin aikinsa na wani addini, zai auna kalamansa yau. Ya kamata kuma kowane addini ya ga abin da littafin ɗaya ya rubuta a kansa kafin a buga. Wannan ba ya buƙatar kowa ya sassauta aƙidarsa. Musulmi zai ce Annabi Isa manzo ne, Kirista zai faɗi abin da ya yi imani da shi, yaran su ga manya biyu sun saɓa a kan babban al'amari kuma sun fita suna gaisawa.

Sharaɗin da ba a sasantawa a kansa shi ne ƙofar fita ta zama ta gaskiya. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin jama'a da siyasa ta 1966, a sashe na 18, ta amince da 'yancin iyaye na tarbiyyar 'ya'yansu bisa imaninsu, yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 kuma ta ƙara da cewa shi ma yaron yana da 'yancin tunani da addini gwargwadon girmansa. Kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 1993 cewa koyar da wani addini na musamman a makarantar gwamnati bai halatta ba sai an tanadi keɓewa ko wani zaɓi ba tare da nuna bambanci ba. A aikace wannan yana nufin kada a ce wa uba sai ya rubuta dalilinsa, kada a bar yaro a tsaye a baranda ko a bayan aji yana jin abin da aka ce an keɓe shi daga gare shi, kuma darasin da aka ba shi a madadin ya kasance mai malami da maki kamar kowane. A Ailan, inda kusan kashi 90 cikin ɗari na makarantun firamare suke ƙarƙashin cocin Katolika, wannan ne ƙorafin da iyaye suka fi yi: haƙƙin cire yaro yana cikin tsarin mulki, amma sau da yawa babu inda za a kai shi.

Sai batun maki, wanda ba a cika tattaunawa ba. Idan darasin aƙida zai shiga sakamakon jarrabawa, abin da za a auna shi ne sani da fahimta da iya kawo hujja. Ba a ba da maki a kan yawan ibada ko ƙarfin imani, domin malami ba shi da ma'aunin wannan, kuma ranar da yaro ya gane cewa shakkarsa za ta rage masa maki, ya daina tambaya ke nan.

Dukan wannan yana tsaye ne a kan horon malamai, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. A birnin Vienna akwai kwalejin horon malamai da coci-coci suka kafa tare, wadda take horar da malaman addinin Kirista na ɗariƙu daban-daban da na Musulunci da na Yahudanci da wasu a ƙarƙashin makaranta ɗaya, kowa da sashensa, suna haɗuwa a wasu darussa. Matashin da ya yi karatu haka ya riga ya saba da tsayawa kusa da wanda ya saɓa masa tun kafin ya shiga aji. A mafi yawan ƙasashe kuwa malamin darasin Musulunci da na Kiristanci ba su taɓa zama a lacca ɗaya ba, kuma a ɗakin malamai ne za su fara haɗuwa. Ma'aikatar ilimin da take son darussan biyu su yi aiki tare nan da shekara goma, a kwalejojin horon malamai za ta fara, da ɗaliban da za a ɗauka bana.